Fasfona a Aljihun Teburin Abba

Wasunku sun yi ta turo mini saƙo suna tambayar dalilin shiruna na sati uku. Wata ma cewa ta yi, "Ko an tafi ne ba sallama?" Ba a tafi ba, 'yar'uwa. Ina nan a ɗakinmu, zaune a kan katifata, akwatin da na saya wata bakwai da suka wuce yana saman kwaba har yanzu da ledarsa. Kunya ce ta hana ni rubutu, sai kuma jiya na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. In ban faɗa wa wani ba, ƙirjina zai fashe.

Ga wadda ba ta san ni ba, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibitin koyarwa. Ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan sha nake nazari, irin waɗanda suka daina jin magani. A gida Dakta ake ce mini. Abba ne ya laƙaba mini tun ina aji uku na firamare, ga shi har yau ban da digirin da zai halatta mini sunan. Wanda zan aura kuwa Injiniya kowa ke ce masa, ban da Auta ƙanwata da ke kiransa Yaya Batir, saboda binciken batirin motoci masu lantarki yake yi. Shekararsa ta uku ke nan a waje, yana digiri na uku.

Tsarinmu ba shi da wata sarƙaƙiya. A jami'ar da yake akwai wata tsohuwar farfesa da ta karanta aikina, ta ba ni gurbi a ɗakin bincikenta tare da tallafin karatu. Abba, wanda ya yi shekara talatin da biyu yana koyar da kimiyya a sakandare kafin ya yi ritaya, ya yi murna har ya kasa cin abinci. Amma ya kafa sharaɗi ɗaya: 'yarsa ba za ta fita ƙasar waje ba aure ba. Ba wanda ya ga matsala. Injiniya zai zo hutu, a ɗaura, mu koma tare. Har hoton ɗakin da zai kama mana ya turo mini, mai taga biyu, ya ce ɗaya tawa ce in jera tukwanen furanni.

Ranar da na je neman biza na fi awa guda a gaban madubi. Doguwar riga ruwan toka na saka, marar ado, da baƙin mayafi, don Auta ta karanta a waya wai ba a zuwa da kaya masu ɗaukar ido. Ta zare mini manyan 'yan kunne ta ba ni nata ƙanana. Takarduna suna cikin jakar roba mai zif, na jera su yadda aka ce: ta gurbin karatu, ta tallafi, wasiƙar Farfesa, sakamakon jarrabawa. Umma ta rako ni har ƙofar gida tana yi mini addu'a.

Tun daga waje aka karɓe mana wayoyi. Ciki kujerun ƙarfe ne da sanyin na'ura, mutum kusan saba'in, kowa rungume da jakarsa. Aka kira lambata. Jami'in yana bayan gilashi, saurayi ne, da ƙyar in ya girme ni. Yana magana ta 'yar lasifika yana buga kwamfuta, bai ko kalle ni ba.

"Me za ki karanta?"

Na faɗa masa.

"Ƙwayoyin cuta?" Sai a nan ya ɗago. "Kin iya rainonsu? Ki sa su yi yawa?"

Wallahi murmushi na yi, na ɗauka tambaya mai sauƙi ce ta zo. Na ce, "Ai aikina ke nan kullum. Sai mun raine su a faranti muke gane maganin da ke kashe su."

Ya yi ta bugawa, ya yi ta bugawa. Sannan ya turo wata takarda ta ƙasan gilashin.

"Za mu riƙe fasfonki. Fanninki yana cikin waɗanda ake yi wa ƙarin bincike."

"Zuwa yaushe?"

"Ban sani ba. Na gaba."

Kun san sau nawa na sake wannan hirar a raina? Ina wanka ina sake ta, ina cikin mota ina sake ta. Da na ce ruwan sha kawai nake gwadawa. Da ban yi murmushin nan ba. Injiniya ya ce ba amsata ba ce, jerin fannoni ne aka ba su, ko na yi shiru sunan karatuna ya riga ya faɗa ciki. Na yarda da shi da baki, amma zuciyata ta ƙi.

Wata biyar fasfona yana hannunsu. Kullum da safe, kafin in wanke baki, sai na buɗe shafinsu na saka lambata. Kalma uku ce take fitowa, ba ta taɓa canzawa ba: ana kan nazari.

A wurin aiki na riga na yi sallama. Abokan aikina sun haɗu sun saya mini wata ƙatuwar rigar sanyi mai hula, ogarmu ta yi jawabi, har an ɗauki wadda za ta maye gurbina. Sai ga ni na dawo ran Litinin da farar rigata ta aiki. Ogar mutuniyar kirki ce, ta ce in ci gaba har abin ya fito. Amma kujera ɗaya muke rabawa da sabuwar yarinyar, in ta zauna in tsaya. Duk wanda ya shigo da kwalbar gwaji sai ya ce, "A'a, Dakta, har yanzu kina nan?" Ni kuma in ce, "Ina nan, sai a hankali." Fuskata har ta gaji da murmushin.

A gida kuwa Gwaggo ce, yayar Abba. Duk sati sai ta zo, ta zauna a kujerar da ke kusa da fanka, ta cire takalmi, ta kalle ni sama da ƙasa.

"Wai ni wannan biza ciki ce? Sai ta cika wata tara?"

Auta ta ƙyalƙyale da dariya, Umma ta harare ta.

"Ni dai ban gane ba," in ji Gwaggo. "Miji a waya, karatu a waya. Komai naki a waya yake, 'yar nan. Yaushe za mu ga wani abu da ido?"

In na shiga ɗaki sai in tura wa Injiniya abin da ta ce, shi kuma ya turo fuskokin dariya da hotonsa a ɗakin bincike, sanye da tabarau na kariya da safar hannu shuɗiya. Ya rubuta, "Ki ce wa Gwaggo ga mijin nan, da ido."

Wata safiya Abba yana shan shayi yana sauraron rediyo, ni ina goge mayafina a falo. Sai na ji ya ƙara murya. Ƙasar da Injiniya yake ta dakatar da ba da bizar karatu ga 'yan wasu ƙasashe. Mai karanta labaran ya jero sunaye, tamu ce ta huɗu. Ya ƙara da cewa ɗaliban da suke can, in suka fita, ba tabbas a bar su su koma.

Warin ƙuna ne ya dawo da ni. Dutsen guga ya cinye mayafin.

Bayan kwana goma mai kawo saƙo ya zo da ambulan ruwan ƙasa. Abba ne ya sa hannu ya karɓa. Ya saka tabaransa, ya buɗe fasfon, ya bi shafi-shafi tun daga farko har ƙarshe. Ba biza, ba komai a ciki sai hotona. Ya sake bi daga ƙarshe zuwa farko, kamar mai duba takardar ɗalibin da yake so ya ci. Sannan ya tashi ya shiga ɗakinsa, ya saka shi a aljihun tebur inda takardun gida suke, ya murɗa makulli.

"Ya zauna nan tukuna," ya ce. "Ki huta da zancen nan."

Injiniya ya fasa zuwa hutu. Ofishin ɗaliban waje na jami'arsu ya gargaɗe su kada kowa ya taka filin jirgi. Saura wata goma sha huɗu ya gama. Wa zai ce masa ya zo?

Sai imel ɗin Farfesa. Na karanta shi a tsaye kusa da firjin ajiye samfur. Ta ce ta rubuta wa duk wanda ta sani, ba wanda ya iya komai, kuma tallafin ba zai jira wata shekara ba. A ɗalibai shida da ta ɗauka bana, uku ba su samu shiga ba. Ta ce tana jin kunyata. Amma akwai wani tsohon ɗalibinta da ke da nasa ɗakin binciken a wata ƙasa daban, ta tura masa aikina, in na amince zai kira ni.

Ya kira. Minti arba'in muna magana ta bidiyo, ni a ɗakin ajiyar kaya na wurin aiki, na jingina wayar da kwalin safar hannu. Ya tambaye ni rijiyoyi nawa na ɗebo ruwa, ya tambaye ni abin da ya fi ba ni mamaki a sakamakon. Rabon da wani ya yi mini tambaya a kan aikina ba a kan bizata ba har na manta. A ƙarshe ya ce, "Duk wanda ƙasar can ta mayar, mu muna so. Ke ce ta huɗu da na samu ta wannan hanyar bana."

Bizarsu sati uku take ɗauka. Karatun shekara huɗu ne. Sai dai dokarsu ba ta bai wa ɗalibi damar zuwa da miji ko mata, kuma tsakaninsu da inda Injiniya yake tafiyar awa tara ce a jirgi. Dole kuma in miƙa fasfona a ofishinsu kafin a tashi aiki ranar Alhamis ɗin nan, in ba haka ba gurbin ya wuce ga wani.

Ran Lahadi bayan la'asar na sami Abba a ɗakinsa. Na durƙusa a gefen tabarma na miƙa masa takardar da na buga. Ya karanta har ƙananan rubutun ƙasa. Umma tana bakin ƙofa riƙe da labule.

"Wurin yana da kyau," ya ce. "Na san sunan jami'ar nan tun muna samari."

Ya ninke takardar.

"Amma sharaɗina yana nan yadda yake."

"Abba, ba zai iya zuwa ba. In ya fito ba za su bar shi ya koma ba."

"Ban ce ya zo ba. Ba shi da manya ne? Kawunsa ya zo da mutanensa, a ɗaura, ki tafi da igiyar aurenki."

"Abba, shi yana wata ƙasa, ni ina wata."

"Na sani. Ni ma na iya duba taswira." Ya cire tabaran ya murza idanunsa. "Dakta, ba zarginki nake yi ba. Ni na raine ki, na san wace ce ke. Amma shekara huɗu ce. Ni ga ciwon sukari, ga hawan jini. In na faɗi, ina so in san akwai wanda nauyinki yake wuyansa, ko da daga nesa ne. Shekara biyu yaron nan yana riƙe da ke da baki. In da gaske yake, ya nuna."

Umma ta saki labulen ta shigo. "Kuma ki duba ƙanwarki. Mutumin nan nata shekara guda yana jira, mun ce sai an yi naki. Jiya uwarsa ta tare ni a hanya, gaisuwar ma da ƙyar ta amsa. Ni na gaji da cewa an kusa."

Na ce to. Me zan ce? A raina ma na ga abin ba wuya. Kawun Injiniya yana sona, ya sha cewa a yi a gama. Na fito ina lissafin yadda za mu yi: shi ya gama a wata goma sha huɗu, ya nemi aiki a inda nake, ko mu riƙa haɗuwa a gida lokacin hutu. Na tura masa saƙo mai tsawo, na zayyana masa komai.

Ya karanta. Alamar ta nuna ya karanta. Bai amsa ba.

Yanzu zan gaya muku abin da na daɗe ina gani ina kau da kai. Kusan wata guda da rabi ke nan kiransa ya canza lokaci. Da sai ya fito daga ɗakin bincike yake kira, yana tafiya, ina jin ƙarar motoci. Yanzu da safiyarsu yake kira, lokacin da ya kamata a ce yana wurin aiki, kuma kullum daga ɗakin kwanansa. Hotunan da yake turowa, riga ɗaya ce a ciki, mai ratsin kore. Auta ce ta fara lura. Ta ce, "Yaya, ko Yaya Batir ba shi da wata riga ne?" Na ce ta fita harkata.

Ran Litinin da azahar ina cikin rubuta lamba a faranti wayata ta yi ƙara. Na cire safar hannu na ruga ɗakin ajiya, na tura ƙofa. Fuskarsa ta fito. Bai yi aski ba, idanunsa sun faɗa. A bayansa na hango kwalaye biyu a ɗaure da igiya.

"Ka ga saƙona?"

"Na gani."

"To ka kira Kawu?"

"Na kira shi. Na ce masa kada su je."

Na zauna a kan kwalin da ke kusa da ni. Na ce, "Ban ji ba."

"Dakta, akwai abin da na ɓoye miki. Ki bari in gama kafin ki yi magana, in kika katse ni ba zan iya ba."

Wata safiya, in ji shi, ya je ɗakin bincike ya kara katinsa a ƙofa, fitilar ta yi ja. Ya sake, ta yi ja. Ya ɗauka katin ne ya lalace. Malaminsa ne ya fito ya ja shi gefe. An fitar da sabuwar ƙa'ida: bincike irin nasu, 'yan ƙasashen da ke cikin jerin nan ba za su ƙara taɓa shi ba. Su biyu abin ya shafa a ɗakin. Malamin ya yi ta faman nema masa wani sashe, ba a samu ba. Izinin zamansa kuma a ɗaure yake da karatun. An ba shi kwana sittin ya sami wata jami'a ko ya bar ƙasar.

"Saura nawa?"

"Sha tara."

"Aikinka fa? Shekara uku fa!"

"Yana cikin kwamfutar da ke bayan ƙofar nan. Ba a bar ni na kwafi ko shafi ɗaya ba."

Ya rubuta wa jami'o'i talatin da ɗaya a ƙasashe bakwai. Biyu suka amsa. Ɗaya ta ce ba gurbi. Ɗayar ta ce za ta duba, amma in ta ɗauke shi daga shekarar farko zai fara. Na tambaye shi ƙasar da zan je fa? Ya ce nan ya fara nema tun ran da na ba shi labarin, ba su da mai kula da irin fanninsa da ke neman ɗalibi.

"Hotunan fa?"

"Tsofaffi ne. Na bara."

"Kwana arba'in da ɗaya kana yi mini ƙarya."

"Kina kuka a kan fasfonki kullum. In ƙara miki da nawa?"

Firjin da ke gefena ya tashi da gurnaninsa. Na ce, "To ka dawo gida. Ka dawo a ɗaura, mu zauna. Ni ma na fasa. Ina da aikina."

"Aikin da kuke raba kujera?"

"Ba ruwanka."

"Ki fasa saboda ni, nan da shekara biyar ki kalle ni ki tuna? A'a. Kuma in dawo in ce wa Inna me? Ta gaya wa duk dangi ɗanta ya kusa gamawa." Ya juyar da wayar ina ganin rufin ɗaki. Da ya dawo da ita ya ce, "Ban san ƙasar da zan wayi gari a cikinta nan da sati uku ba. Ba zan ɗaura miki igiyar da ban san inda ɗaya bakin zai faɗa ba. Ki tafi, Dakta. Ke aka buɗe wa ƙofa, ki shiga kafin su ma su rufe."

"Abba ba zai ba ni fasfo ba sai Kawu ya zo."

Na matso da wayar kusa da fuskata.

"Kana ji na? In ba aure, ba tafiya."

"Ki gaya masa gaskiya. Malami ne, zai gane."

"In na gaya masa gaskiya cewa zai yi ka janye. Na rasa ka, na rasa karatun."

"Ban janye ba."

"To me ka yi?"

Sai sabuwar yarinyar ta ƙwanƙwasa ƙofa tana neman auduga. Na kashe wayar, na goge fuskata da hannun farar rigata, na miƙa mata.

Ranar ban ci abinci ba. Umma ta tambaya na ce ciwon kai. Na rubuta masa saƙo ya fi goma, ina gogewa. Na zage shi a ɗaya, na roƙe shi a wani. Wanda na tura a ƙarshe shi ne, "Ka ci abinci?" Ya amsa, "Na ci. Ke fa?" Mu duka ƙarya muka yi.

Jiya Talata na dawo daga aiki da la'asar. A hanya na shirya maganata tsaf. Zan durƙusa in gaya wa Abba komai, katin da ya yi ja, kwana sha tara, duka. In ya ce na zauna, na zauna. Na canza kaya na saka atamfata mai ruwan ganye, na yafa ƙaramin mayafi, na yi sallama a ƙofarsa.

Yana zaune a kan darduma da carbi. Kwalbar maganinsa tana gefe. Ya ɗago ya kalle ni, kuma kafin in buɗe baki na ga yadda fuskarsa ta yi, irin ta wanda ya kwana biyu yana jiran labari.

"Yaya, Dakta? Kun yi magana?"

"Mun yi, Abba."

"Me ya ce?"

Ina jin Umma ta tsayar da wanke-wanke a tsakar gida. Alhamis saura kwana biyu. Na tuna tsohon ɗalibin Farfesa yana tambayata rijiyoyi nawa na ɗebo.

Na ce, "Ya ce Kawu zai zo ran Asabar."

Wallahi ban san daga ina maganar ta fito ba. Ta fito sumul, ba ko gargada.

"Alhamdu lillahi," in ji Abba. Ya maimaita sau uku. "Na san yaron nan ɗan mutunci ne. Na gaya wa uwarki."

"Sai dai Abba, fasfon kafin Alhamis suke so."

"Ai tunda an sa rana, magana ta ƙare." Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro makullin, ya miƙo mini. "Buɗe da kanki."

Makullin ya suɓuce mini ya faɗi. Ya yi dariya ya ce murna ce. Na buɗe aljihun, ga fasfon a kan takardun gida, an ɗaure shi da roba tare da katin sakamakona na firamare. Ban san yana ajiye da shi ba. Ya dafa kaina ya yi mini addu'a mai tsawo, ya roƙa mini ilimi mai amfani da zaman lafiya da mijina. Na ce amin. Na ce amin a kan ƙarya, 'yan'uwa.

Yau da safe na kai fasfon. Matar ofishin ta karɓa, ta ba ni rasit, ta ce in saurari saƙo nan da sati uku. Minti shida duka. Na fito na tsaya a bakin titi na rasa inda zan nufa. Ban ji daɗi ba ko na ƙwayar zarra.

Da na dawo gida ban gane falonmu ba. An sauke labulaye an jiƙa a baho. Umma ta fito da kofunan gilashin da ba a taɓawa, tana gogewa tana 'yar waƙa. An kai manyan kayan Abba wurin mai guga. Gwaggo ta zo tun ba ranarta ba, ta rungume ni, ta ce, "Ashe dai mijin waya yana da dangi a ƙasa!" Auta tana ta tsalle, don an ce in an gama nawa da wata biyu za a sa nata. Ta riga ta gaya wa mutumin nata. Ta shigo ɗaki ta same ni zaune, ta ce, "Yaya, amarya ba ta dariya ne?" Na ce gajiya ce. Ta tsaya ta ƙura mini ido, sannan ta fita.

Injiniya ya turo saƙo tun azahar: "Kin gaya wa Abba?" Ban buɗe ba, daga sama na karanta. Ya sake turowa: "Dakta?" Shi bai san an sa masa rana ba. Kawu bai san ana jiransa ba. Ni kaɗai na sani, sai ku yanzu.

Na so in tsaya a nan in tambaye ku shawara. Amma ina cikin rubuta layin da ya wuce aka ɗaga labulen ɗakinmu. Abba ne, da kansa, shi da ba ya shigowa ɗakin 'yan mata. Tabaransa a kan hanci, tsohuwar wayarsa a hannu.

"Dakta, ba ni lambar kawun nasa. Gara in kira shi in ji su nawa za su zo, kada kujeru su gaza mana."

Na ce, "Yanzu, Abba?"

"Yanzu mana." Ya gyara tsayuwa, ya ɗora yatsa a kan madannin. "Karanto, ina ji."